Agogon Ƙwaro da Lokacin Feshi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa barin bakin manoma, da masu feshin haya, da matan gida da sauro ya hana barci. Yawancinsu kan abu guda suke zagayawa: magani ɗaya, daga shago ɗaya, ya yi aiki a gonar wani, ya ƙi yi a ta maƙwabcinsa. Sau da yawa laifin na jabun magani ne ko awon da bai cika ba. Amma akwai kason da ke wuyan lokacin da aka yi feshin, shi ne za mu warware a nan.

1. Da gaske lokacin feshi na canza ƙarfin magani, ko faɗar malaman gona ce kawai?

Da gaske ne, sai dai abubuwa uku ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Na farko yana cikin jikin ƙwaron: ƙarfinsa na jure guba yana hawa yana sauka tsakanin safiya da dare. Na biyu shi ne inda ƙwaron yake a wannan sa'a, ko yana fili yana kiwo, ko ya shige maɓoya. Na uku kuma abin da rana da zafi da iska ke yi wa maganin bayan ya bar bakin famfo.

Na farkon ne ya fi ba mutane mamaki, shi kuma masana suka fi yi wa rubutu. Amma a gona, a ganina, na biyu da na uku su ke yanke hukunci. Tambayoyi na 2 zuwa 5 na farkon suka ɗauka, sauran sun gangaro gona da ɗaki.

2. Wane irin agogo ne a jikin ƙwaro?

Ba duhu ne kaɗai ke fito da kyankyaso ba. Ko ka ajiye shi a akwatin da haske ba ya shiga ko kaɗan, zai ci gaba da tashi yawo a kusan lokacin da ya saba, kwana da kwanaki. Wasu ƙwayoyin gado ne ke yin wannan aiki. Sukan sa a ƙera wasu sinadarai, sinadaran su taru har su kai matakin da za su dakatar da ƙera kansu, sannan su lalace a sake sabon lale. Zagaye ɗaya na ɗaukar kusan sa'a 24, hasken rana kuma na saita shi kullum.

A jikin ɗan mitsitsin ƙudan nan da ke taruwa kan ruɓaɓɓen mangwaro da ayaba aka gano wannan. A 1971, Ronald Konopka da Seymour Benzer a Amurka suka samu ƙudajen da agogonsu ya karkace: na wasu yana cika zagaye a sa'a 19, na wasu a 28, wasu kuma ba su da tsari sam. Masana uku da suka ci gaba da tone yadda abin ke aiki, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun karɓi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017.

3. To ina ruwan agogon da guba?

Ƙwaro ba jiya ya fara gamuwa da guba ba. Tsirrai sun daɗe suna saka ɗaci da dafi a ganyensu don su kore shi, shi kuma ya tanadi sinadaran da ke farfasa dafin kafin ya kai ga jijiya. Irin aikin da hanta ke yi mana ne. Manya daga cikinsu iyali ne da masana ke kira P450, sai wasu da ake kira GST. Su ne dai ke tarar maganin feshi idan ya shiga jiki.

Ƙera waɗannan sinadarai na da tsada ga jiki, don haka ƙwaro ba ya cika rumbunsa da su dare da rana. Agogon ne ke tsara lokacin da za a yawaita su, galibi daura da lokacin cin abinci, tunda ta baki dafi ya saba shigowa. Idan magani ya zo sa'ar da masu gadi suka cika ƙofa, kaso mai yawa zai lalace a hanya. Idan ya zo sun ragu, awo ɗaya ya fi yin ɓarna.

4. Wa ya gwada wannan, me kuma ya gani?

Maganar ta girmi yawancin masu karanta wannan shafi. A 1963 Stanley Beck ya nuna cewa juriyar kyankyaso ga guba tana sauyawa da sa'o'in yini. A 1964 Cole da Adkisson a Texas suka ga haka a ƙwaron da ke huda ƙwallon auduga, da maganin metil faratiyon.

Gwajin da ya fi fayyace lamarin an yi shi a Jami'ar Jihar Oregon, aka wallafa a 2009. Sun riƙa ba ƙudajen nan guba duk bayan sa'a huɗu, da magani iri huɗu. Biyu daga ciki, furofoksa da fifronil, sun nuna bambanci a fili: da tsakar rana ƙudajen suka fi jurewa. Sauran biyun, deltametirin da malatiyon, kusan duk ɗaya ne ko da yaushe aka ba su. Da aka bar fitila a kunne dare da rana, abin da ke rikita agogon ƙuda, sai bambancin furofoksa ya dusashe. Nan aka tabbatar agogon ne ke aikin.

Sauro ma an gwada shi. Masana a Taiwan sun nuna a 2010 cewa juriyar sauron zazzaɓin dengi ga fametirin tana bin agogo, da suka kashe ƙwayar gadon agogon kuma juriyar ta ragu. A 2014 wasu a Jami'ar Notre Dame suka samu hawa da sauka a juriyar sauron maleriya na Afirka ga DDT da deltametirin, kowane magani da nasa tsarin.

5. Malam, a taƙaice dai, ƙarfe nawa ƙwaro ya fi rauni?

Duk wanda ya ba ka sa'a guda ya ce ta duk ƙwari ce, sayar maka da magana ya yi. Dubi deltametirin a amsa ta 4: a jikin ƙuda lokaci bai dame shi ba, a jikin sauro ya dame shi. Magani ɗaya ke nan, ƙwari biyu, sakamako biyu. Sannan waɗannan gwaje-gwaje a ɗakin bincike aka yi su, inda zafi ba ya motsi, ba iska, ba raɓa, ƙwaron kuma ba shi da ganyen da zai laɓe a ƙarƙashi. Tambayar da ta fi amfani ga mai gona ita ce: yaushe maganin zai taɓa jikin ƙwaron, ko ya shiga bakinsa, tun yana da ƙarfinsa?

6. Na yi wa tsutsar masara feshi da rana tsaka, washegari na tarar tana nan. Maganin ne jabu?

Mai yiwuwa, amma kafin ka koma ka yi rigima da mai shago, je ka buɗe zuciyar masara ɗaya da azahar. Za ka fara cin karo da kashin tsutsar, jiƙaƙƙe kamar garin katako, ya toshe bakin ganyen da ke naɗe. Ka ture shi da tsinke, can ƙasa za ka same ta ta nannaɗe, a goshinta akwai alama kamar harafin Y a kife, kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar kusurwoyin akwati. Na taɓa tsayawa a gonar wani dattijo da ya gama feshi da hantsi ya dubi ludayi, ganye duk ya jiƙe sharkaf yana ƙyalli. Muka buɗe zuciya biyar, a huɗu tsutsar na kwance a bushe, ko ɗigo bai same ta ba. Kashinta ya zame mata rufin ɗaki.

Wannan tsutsa baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, a farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, Najeriya na cikin ƙasashen farko. Da yamma da dare da sassafe take fitowa ci. Don haka a yi mata feshi bayan la'asar sakaliya ko da jijjifi, a kuma saita bakin famfo cikin zuciyar kowace masara. Wanda ya bi layi yana watsawa sama-sama, ƙasa ya shayar.

Akwai lokacin da ya fi na agogo muhimmanci a nan, wato shekarun tsutsar. 'Yar ƙarama da ke kankare ganye tana barin tabo fari kamar taga, ita ce magani ke kashewa cikin sauƙi. Idan ta yi kaurin ɗan yatsa ta shige ciki, ko ƙarfe nawa ka zo ka makara.

7. Wake fa? An ce kada a yi masa feshi da safe idan yana fure.

Gaskiya aka faɗa. Furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, a wannan tsakanin ne ƙudan zuma da sauran masu ɗaukar garin fure ke cika gonar. Feshin safe a gonar wake mai fure kamar zuba guba ne a kasuwa ranar da take ci. Maganin Karate da danginsa, da imidakulofirid, duk suna da zafi a kan ƙudan zuma. Idan kuwa aka bari sai gab da almuru, sun koma amya, maganin kuma zai samu dare guda ya bushe kafin su dawo.

An yi sa'a, babbar abokiyar gabar wake ma 'yar dare ce. Tsutsar maruka da rana tana cikin fure ko kwanso, ta saƙa zare ta rufe kanta, da dare take fitowa ta sauya wuri. Wahalar samunta da feshi na cikin dalilan da suka sa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin SAMPEA 20-T a 2019, wanda ke ɗauke da kariya daga wannan tsutsa a jikinsa. Bai hana sauran ƙwari ba, don haka feshin bai ƙare ba, raguwa ya yi. In akwai mai amya kusa da gonarka, ka gaya masa kwana ɗaya kafin ka yi.

8. Sharon ɗin tumatir ma da yamma ne?

Da yamma ya fi, amma kada ka ɗora duk fatanka a kan lokaci. Waɗanda suka ga abin da sharon, ƙwaron nan da tsutsarsa ke cinye ganyen tumatir, ya yi a Kadawa da Kura da sassan Kaduna a 2016 sun san cewa an yi feshi safe da yamma, gonaki suka ƙone duk da haka. Uwar da dare take shawagi tana zuba ƙwai, tsutsar kuma da ta ƙyanƙyashe sai ta shige tsakanin fatar ganye, inda maganin da ke kashewa ta taɓawa ba ya kai wa. Abin da ke samunta shi ne maganin da ke ratsa ganye, irin su imamektin. Shi kuwa hasken rana na saurin cin wanda ya rage a saman ganye, shi ya sa yamma ta fi masa. Sharon kuma gwani ne wajen sabawa da magani, duba amsa ta 13.

9. Ba zafin rana ne ke ƙara wa magani ƙarfi ba?

Ya danganta da dangin maganin. Masu sunan da ke ƙarewa da "tirin", kamar saifametirin da deltametirin da fametirin, galibi sun fi kisa idan gari ya yi sanyi, ƙarfinsu na raguwa idan zafi ya tsananta. Haka DDT ma yake. Dangin malatiyon da daimetowet kuwa akasin haka ne, ɗumi na ƙara musu kaifi.

To amma kada wannan ya sa ka ɗauki famfo da azahar a watan Afrilu. A zafin bazara, ga iska busasshiya, ƙananan ɗigon feshi kan ƙafe tun kafin su sauka. Ƙasa mai zafi kuma tana tura iska sama, ta ɗauke hazon maganin ta yi gaba da shi. Ganyen da ya yi yaushi ba ya shan magani sosai, wani lokaci ma ƙonewa yake. Ribar da ka ci a jikin ƙwaro ka zubar da ninkinta a iska.

10. Ruwan darbejiya da magungunan da ba na kemikal ba fa?

Su ne ma suka fi kowa tsoron rana. Sinadarin da ke aiki a 'ya'yan darbejiya, wanda wasu ke kira dogon yaro ko bedi, hasken rana na lalata shi cikin 'yan kwanaki. Haka maganin Bt da ake samu daga ƙwayar bakteriya, wanda sai tsutsa ta ci shi yake aiki. A fesa su da yamma, su kwana a ganye daidai lokacin da tsutsa ke kiwo. Wanda ya jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya tun jiya, ya tace, ya fesa da hantsi, sannan ya ce maganin gargajiya ƙarya ne, bai yi masa adalci ba.

11. Tsakanin sassafe da yamma, wanne zan zaɓa?

Idan aka bar ni da zaɓi, yamma, saboda dalilan amsa ta 6 da ta 7 da ta 10. Sai dai damina na da nata hali. A ƙasar Hausa hadari ya fi haɗowa daga gabas da la'asar ko cikin dare, ruwan da ya sauka sa'a ɗaya ko biyu bayan feshi kuma zai wanke yawancin maganin da ke zaune a saman ganye. Ranar da gabas ta yi baƙi, a bari sai da safe.

Safiya kuma matsalarta raɓa. Ganyen da ke ɗigar raɓa ba ya riƙe feshi, gangarewa yake. A jira ta ɗan sha iska, a gama kafin hantsi ya yi zafi. Da hunturu iska kan tashi da hantsi, don haka tagar safiyar gajeriya ce.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: rashin iska gaba ɗaya ma ba alheri ba ne. Wani lokaci da almuru ko asuba iska mai sanyi kan kwanta a ƙasa, ka ga hayaƙin murhu ya miƙe a kwance ya ƙi tashi sama. A irin wannan yanayi hazon magani kan rataya, ya tafi a hankali ya sauka a lambun wani ko cikin gari. Iska 'yar kaɗan mai kaɗa ganye, wadda ka san inda ta nufa, ita ake so.

12. Me ya sa masu yaƙi da fara ke fita tun da sassafe?

Duk matar da ta taɓa kamun fara ta san amsar. Da dare da asuba, musamman lokacin sanyi, fara na lafe a jikin geza da sabara, ka haska tocila ka tsince ta kamar kana tsinkar 'ya'yan itace. Jininta ba ya ɗumama kansa, sai rana ta gasa ta take iya tashi. Masu feshi na son su same ta a tattare kafin ta watse, su kuma gama kafin iskar zafi ta fara tashi sama. In ba su gama ba, sai bayan la'asar.

Akwai maganin fara na naman gwari, Green Muscle, wanda wani shirin binciken yaƙi da fara mai suna LUBILOSA ya samar, aka kuma gwada shi a Nijar. Ba ya kisa nan take, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, kuma farar da ta kamu kan zauna cikin rana ta ɗaga zafin jikinta don ta rage wa cutar gudu, kamar mai zazzaɓi da gangan. Farar da aka tsinta a yankin da aka yi feshin kemikal kuwa ba ta shiga kasko.

13. Idan na dace da lokaci, zan iya rage awo? Ko lokaci zai karya ƙwaron da ya saba da magani?

A'a, duka biyun. Awon da ke jikin kwalba shi za a bi. Rage shi na kashe raunana ya bar masu tauri su hayayyafa, kuma haka ake ƙera ƙwaron da ba ya jin magani. Sabo da magani abu ne na gado, bambancin da yake kawowa kan ninka na agogo nesa ba kusa ba. Maganinsa sauya dangin magani, ba sauya sunan kwalba ba: kwalabe uku masu suna daban-daban na iya zama sinadari ɗaya, sai ka karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan sunan.

14. Sauro: ƙarfe nawa ya kamata a fesa ɗaki?

Maganin gwangwani na kashe sauron da ke ɗakin a lokacin ne, ba ya jiran na gobe. A fesa gab da magariba, a bi ƙarƙashin gado da bayan labule da tufafin da ke rataye, a rufe ƙofa da taga, kowa ya fita, sannan a buɗe ɗakin ya sha iska kafin a kwanta. Fiya-fiya da Sniper ba na ɗakin kwana ba ne. Tun 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben Sniper saboda rayukan da ya ci.

Gidan sauro mai magani da feshin bango na hukuma ba ruwansu da sa'ar da aka saka su, watanni suke yi suna aiki. Sauron ne ke zaɓar lokacin da zai taɓa su. A nan ne binciken amsa ta 4 ke da nauyi, domin sinadaran P450 da ke bin agogo su ne kuma ke sa sauro ya jure maganin gidan sauro. Shi ya sa aka fito da gidajen sauro masu ƙarin sinadarin PBO, wanda aikinsa toshe P450. An kuma lura a Benin da Senegal cewa bayan raba gidajen sauro, wani nau'in sauron maleriya ya karkata cizonsa zuwa wayewar gari, lokacin da mutane suka fito.

Masu gwada juriyar sauro ma abin ya shafe su. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ɗauki matan sauro 'yan kwana 3 zuwa 5 da ba su sha jini ba, a sa su a kan takarda mai magani sa'a ɗaya, a ƙirga matattu bayan sa'a 24. Kashi 98 zuwa sama, magani na aiki. Ƙasa da 90, sauro ya saba. Wanda sakamakonsa ke kan iyaka, gara ya riƙa gwajinsa a sa'a iri ɗaya kullum, ya kuma rubuta ta.

15. Ƙwarin cikin buhu da rumbu fa?

Nan agogo ba shi da ta cewa. Ƙwayar da ake sakawa a hatsi, wadda 'yan kasuwa ke kira bom, iskar guba take fitarwa, tana buƙatar wuri a toshe na kwana biyar zuwa bakwai, kuma ba a ajiye buhun a ɗakin da mutum ke kwana. Buhun PICS mai leda biyu ba ya buƙatar magani, numfashi yake hana ƙwaron. Inda tsakar rana ke da amfani shi ne shanya: a shimfiɗa baƙar leda a kan busasshiyar ciyawa, a baza wake, a rufe da leda mai haske, a bar shi sa'o'i biyu da rana tsaka. Zafin da ke taruwa a ciki na kashe ƙwaro da ƙwansa. A Marwa ta Kamaru aka inganta wannan dabara.

16. Ni mai feshin haya ne, gona biyar nake yi a yini. Yaya zan yi da wannan duka?

Raba su gida biyu, ka bar tsakiyar yini. Masara da duk abin da ba ya fure ka yi da safe bayan raɓa ta ɗaga, wake da kabewa da kankana masu fure ka bar wa yamma. Jikinka ma zai gode maka. Da rana tsaka ne mutum ke cire takunkumi da doguwar riga saboda zafi, fatar da ta jiƙe da gumi kuma ta fi shan magani, ga famfo na yoyo a gadon baya. Mai azumi ya fi kowa shiga haɗari a wannan sa'a, domin jiri da ciwon kai na ƙishirwa sun yi kama da alamun farko na guba, sai a ɗauka yunwa ce. Idan aka ga yawu na zuba, ido ya ƙanƙance, ga amai da rawar jiki, a cire masa tufafin, a wanke shi da sabulu, a kai shi asibiti tare da kwalbar. Madara da manja ba sa karya wannan guba.

Ka bi layi iska na bugun gefenka, kada ka shiga cikin hazon da ka fesa. In ka gama na yamma, ka gaya wa mai gonar kwana nawa kwalbar ta ce a jira kafin a tsinki amfanin, musamman tumatir da latas da yakuwa da ake kai wa kasuwa kullum.